Kazar da Ake Ɗinke wa Ciki

Sana'ata kaji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayi fili can gaba da Atonsu da niyyar gini, ginin bai wuce katanga da ɗaki ɗaya ba ajali ya riske shi. Na dubi katangar nan, na dubi ɗakin nan, na ce to, abin da bai zama gidan mutane ba sai ya zama gidan kaji. Kullum da safe in hau trotro, wato motar haya, daga Asawase, in sauka Kejetia, in sake hawa wata, in je in zuba dusa, in share akurki, in kwashe ƙwai. Wadda ta isa yanka, ladanin masallacin unguwar ya zo ya yanka mini, in gyara, in kawo Zango.

Masu kaji a Kumasi ba su ƙirguwa. Abin da ya sa gidajen malamai suke aiko mini ni, in za su yi suna ko walimar sauka, abu guda ne: ban taɓa tsoma kaza a ruwan zafi da kayan cikinta ba.

Uwar mijina ta koya mini, ita 'yar gidan malamai ce. Ina sabuwar zuwa gidan na ɗauko yankakkiyar kaza zan jefa a tukunya kamar yadda na ga ana yi a gidanmu, sai ta kama wuyan hannuna. Ta ce, "Hanji na ciki, kashi na ciki, ki turara su tare da naman, sannan ki miƙa wa mai alwala ya ci?" Ta zaunar da ni ta nuna mini. A bar jini ya tsiyaye. A yi ƙaramin tsagi a ƙasan ciki. A zaro hanji da ƙundu da hanta, a kiyaye matsarmama kada ta fashe. A ɗauraye cikin sau uku. Sannan ruwan zafi, sannan figa. Aikin ya fi wuya, gashi yana manne wa hannu, amma haka na yi shekara talatin da ɗoriya, kuma matan Zango sun san haka nake yi. Ba su tambayata. Sun sani.

Ana nan, ana nan, sai sanyi ya shiga mini yatsu. Da fari da safe ne kawai, in na ɗumama su a bakin murhu su saki. Daga baya suka ƙi saki. Gaɓoɓin suka kumbura suka karkace kamar saiwar citta. Gashin ƙirji ina iya cirewa, amma manyan gashin fiffike da na wutsiya, in kama in ja, su zame, in sake kamawa su zame. Kazar da nake figewa kafin ruwan ya huce, sai in yi ta fama da ita har ƙudaje su taru.

Babbar 'yata, mai sayar da atamfa a Kejetia, ita ta fara magana. Ta same ni ina shafa man kaɗanya a hannu, ta ce, "Mma, ki sayar da kajin nan ki huta. Mun isa mu ciyar da ke."

Na ce, "Na ce miki yunwa nake ji?"

"To wahalar ta mece ce?"

"Ranar da na zauna a tabarma ina jiran a kawo mini kwano, ranar ku fara neman likkafani."

Ta ce a'uzubillahi, ta ce ba ta son irin wannan magana. Can ta ce akwai inji. Ta ciro wayarta ta nuna mini: wani duro ne yana juyawa, an jefa kaji da gashi, kafin a ce kwabo sun fito tas. Na kalla sau biyu. Na ce, "An cire musu ciki?" Ta ce, "Mma, wa yake cire ciki kafin figa in ba ke ba?"

A makon nan ne uwargidan malamin makarantar layinmu ta zo. Ƙawata ce tun muna goyon fari. Ta ce ɗalibai za su yi sauka bayan wata biyu, kaji arba'in ake so. Tana magana tana kallon hannuna, ni kuma ina cusa shi cikin mayafi. Ta ce, "Hajiya, in da nauyi bana ki faɗa mini, ba abin kunya ba ne." Na ce, "Ki ɗora tukunya ranar, kaji za su zo."

Da ta fita na san na ɗauko dutse. Washegari na je wurin malam da kansa, na durƙusa daga bakin zaure na tambaye shi hukuncin kazar da aka tsoma da cikinta. Ya ce malamai sun yi magana a kai, kuma akwai sauƙi: in ruwan ba tafasa yake ba, kuma ba a bar ta ta daɗe ba, a wanke naman a ci. Na yi godiya na taso. A hanya ina ta juya maganar. Malam ya buɗe mini ƙofa, gaskiya ne. Amma matan da suke ƙetare masu kaji goma su zo wurina, ba don sauƙi suke zuwa ba. In na canza ban faɗa ba, na ci amanarsu. In na canza na faɗa, na zama ɗaya da kowa, kuma kowa ya fi ni ƙarfin hannu. Kafin in kai gida na yanke: injin da zan saya sai ya fige kazar da aka cire wa ciki. In babu shi a duniya, to a ƙera shi.

Ranar Talata na sa kaji biyu masu rai a kwando, 'yata ta rufe rumfarta ta bi ni tana gunaguni, muka tafi unguwar Adum, muka shiga wani babban shago mai kayan gona. Mai shagon ya ga tsohuwa da kwando, kaji suna leƙo kai, ya ce, "Maame, nan ba a sayen kaji."

Na ce, "Ba sayarwa na zo ba. Gwaji na zo. Kai kana sayen takalmi ba ka sa ƙafa ba?"

Ya yi dariya ya ce akwai na gwaji a bayan shago. Sai neman mai yanka. 'Yata ta fita titi ta samo wani dattijo mai tura baro, da tabon salla a goshi, ya yi bisimilla ya yanka ɗaya. Aka dafa ruwa a butar lantarki.

Inji iri biyu ne. Na farko ƙarami, ana ɗora shi a tebur, gungume ne mai yatsun roba yana juyawa, mutum ya riƙe kaza ya riƙa goga ta a jiki. Mai shagon ya ce shi ne daidai da ƙaramin gida irin nawa. Na gyara kazata yadda na saba, yana kallona yana girgiza kai, na tsoma, na kama ƙafafunta na kanga. Ko numfashi biyu ban yi ba injin ya fizge ta daga hannuna, ta tashi sama ta faɗa kan buhunan taki. 'Yata ta ce, "Ga kaza ba kai tana tashi." Har mai baro sai da ya dara. Ni ban yi dariya ba. Na gane wannan inji na mai ƙarfin riƙo ne, abin da na rasa ke nan.

Na biyu shi ne duron nan na cikin waya, fari ƙal, daga waje aka kawo shi. Mai shagon ya ce, "Wannan kuwa dole kaza ta shiga a rufe, ba a tsaga cikinta ba. Maame, haka aka yi shi." Na ce a gwada tawa. Aka yanka ta biyu, na gyara, aka jefa. Ƙara kamar jirgin sama. Da aka kashe na leƙa. Gashi ya fita, wannan gaskiya ne. Amma yatsun robar sun kama bakin tsagin nan sun yage fatar har ƙirji, fiffike ɗaya ya karye, cinya tana reto. Kazar da ba za ka kai wa maƙiyinka ba, balle walima.

Mai shagon ya ce, "Kin gani? Ki bi inji, kada ki ce inji ya bi ki."

Na ce, "Ni na girme shi."

A trotro ni da 'yata muka yi ta maganar inji har muka kusa gida. Ta ce, "Malam fa ya ce halal ne." Na ce, "Na ji shi da kunnena." Ta ce, "To taurin kan na mene ne?" Na ce, "Ke in mace ta ce ki yanko mata atamfa ta gaske, kika ba ta mai kama da ita, halal ce ita ma, tana rufe jiki." Ta juya kai tana kallon taga.

Direban trotron nan ne, da ya ji muna ta maganar inji, ya ce me ya hana mu je Magajin, wato can Suame inda maƙera da masu walda suke. Ya ce a can in ka kwatanta musu aljani ma za su ƙera maka shi.

Ranar Asabar na ɗauki kaji huɗu da zabo ɗaya. Wanda bai taɓa shiga Magajin ba bai san ƙara ba. Guduma ta ko'ina, ƙasa baƙa da man inji, tartsatsin walda yana tashi kamar ana wasan wuta. Muka yi ta tambaya har aka kai mu rumfar wani tsohon Batone, ɗan asalin Kumasi, mai ƙera injin niƙa da na fige kaji, kowa masta yake ce masa. Gajere ne, furfura har gira, yana jin Hausa irin ta wanda ya yi zama da mutanen Zango, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Na faɗa masa buƙatata. Bai yi dariya ba, abin da ya fara sa na yarda da shi ke nan. Ya ce, "Hajiya, kai ka ce a cire ciki tukuna? Don me?" Na gaya masa. Ya ce kakarsa ma akwai abin da ba ta ci, kuma har ta mutu ba wanda ya isa ya sa ta. Ya ce, "Kawo akoko mu gani," wato kaza.

Makanikin da ke maƙwabtaka da shi Badagombe ne musulmi, shi ya yi mana yanka. Aka ɗora ruwa a kan gawayi. Injin masta baƙi ne, ba kyan gani, amma da aka kunna ƙararsa ba ta kai ta wancan ba. Kaza ta farko ta fito a yage, ko da yake ba kamar ta Adum ba. Masta ya juya ta a hannu, ya sa yatsa a tsagin, ya ce gudu ya yi yawa. Ya kwanta a ƙasa, ya kwance wani faifan ƙarfe da bel yake zagayawa, ya ɗaura wanda ya fi shi faɗi. Ya ce yanzu zai juya a hankali, kamar tsoho mai zuwa coci.

Ta biyu ta fito fiffike lafiya, cinya lafiya, amma tsagin ya ƙara buɗewa kamar faɗin tafin hannu. Masta ya ce, "Baki ne. Duk inda baki yake a buɗe, roba zai shiga." Ya ce in rage tsagin. Na ce in na rage, ƙundu ba zai fito ba.

Muka zauna a benci, ni da shi, muna kallon kazar nan a faranti. 'Yata tana duba agogo. Ina kallon bakin tsagin, sai na tuna yadda muke yi wa buhun dusa in ya ɓarke. Na kwance bakin zanena, inda nake soke basilla da zaren buhu, don ba na rabuwa da su. Na ce a yanka ta uku.

Na gyara ta, na ɗauraye sau uku, na haɗa bakin fatar na fara ɗinki. 'Yata ta ce, "Inna lillahi. Mma, kaza kike yi wa ɗinki? Ko za a sa mata aljihu?" Masu walda suka bar aikinsu suka kewaye mu. Wani ya ce da yaren Tonawa wai tsohuwa ta buɗe asibitin kaji. Na ji shi sarai, na ƙyale. Soka huɗu na yi, na ƙulle. Aka tsoma, aka jefa.

Da masta ya kashe inji, shi ya fara sa hannu. Ya ɗago ta sama yana juyawa don kowa ya gani. Fata lafiya lau, rawaya, sumul, ɗinki bai motsa ba. 'Yan gashi ne kawai suka rage a ƙarƙashin fiffike, irin waɗanda babbaka take cinyewa. Wanda ya yi maganar asibiti shi ya fara tafi.

Amma 'yata ta ga abin da sauran ba su gani ba. Ta kamo hannuna ta buɗe. Soka huɗun nan kaɗai sun sa yatsuna sun sanƙare, basilla ta bar mini shaida a babban yatsa. Ta ce, "Wannan guda ɗaya ce. Arba'in fa? Hannun da ya kasa figa shi zai yi ɗinki?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Muryarta ta yi ƙasa.

Na janye hannuna. Masta ya karɓi basillar ya duba, ya ce in dunƙule hannu ya gani. Na dunƙule iyakar yadda yake dunƙuluwa. Ya shiga cikin tarkacensa ya fito da guntun ƙotar guduma, ya fere, ya huda, ya dasa wata doguwar allura mai ƙugiya a baki, irin ta masu gyaran takalmi. Ya ce, "Kada ka riƙe da yatsa. Riƙe da tafi, tura da kafaɗa." Na gwada a kan ta huɗu. Ƙotar ta cika mini hannu, allura ta shige fata kamar a cikin tuwo, ta jawo zare ta dawo. Ban ji komai a gaɓoɓina ba.

Sai zaɓe. Nan ma mun ja. Masta yana so ya ƙera mini babba mai cin kaji biyar a zubi ɗaya, ya ce kasuwa za ta buɗe. Na ce kaji biyar sai sun daki juna, kuma ni ba biyar nake ɗinkewa a lokaci guda ba. Mai cin biyu ya ishe ni. Na ce ya gajarta ƙafafun, bakin duron ya tsaya mini a ƙugu, don ba zan iya ɗaga hannu sama da jiƙaƙƙiyar kaza ba. Na ce cikin ya zama farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da zai fi tsada, don abin da zai taɓa abincin mutane ne. Na ce ya yi masa hanyar ruwa ta gefe, gashi ya riƙa fita waje guda in kwashe in kai wa masu lambu. Shi kuma ya ce lallai a rufe moton da ke juya injin da murfi kada ruwa ya taɓa waya, na ce wannan fanninka ne.

Yatsun roba ya zubo mini iri uku a tire. Na riƙa lanƙwasa su ɗaya ɗaya kamar mai zaɓen kuɓewa. Masu taurin sun fi cire gashi, amma su ne masu yaga. Masu laushin ba su iya tsohuwar kaza ba. Muka gwada zabon nan da na tsakiya, ya fito da ɗan saura a baya. Muka tsaya a kan masu laushi a ƙasa inda cikin kaza yake gogawa, na tsakiya a bango. Ya ce bai taɓa jera su haka ba. Na ce ni ma ban taɓa sayen inji ba.

Kwana goma sha biyu aka kawo shi a bayan babur mai ƙafa uku. Na ɓata kaji biyu kafin in gane ruwansa. Hannu yana son ruwa mai zafi sosai, inji ba ya so. In ya yi zafi fata ta saluɓe. Sai na koma gwadawa da gashin fiffike: in tsoma, in ɗaga, in ja guda ɗaya, in ya taho ba gardama to ya yi.

Ranar jajibirin sauka ladan ya zo da hantsi. Yana yanka, ina gyarawa, ina ɗinkewa, 'yata tana tsomawa tana jefawa a inji, ita da ta ce a sayar. Ta ɗaura tsohon zane, gashi har a girarta, tana ce mini, "Mma, ki yi sauri, inji na jiranki." Kafin la'asar arba'in sun kwanta a baho cikin ƙanƙara. Muka bi su ɗaya ɗaya muna tsinke zare muna zarewa.

Da na kai, ban bar uwargidan malam ta taɓa ba sai da na faɗa mata. A gaban matan da suka zo aikin girki na ce, bana ba hannuna ya fige ba, inji ne, amma ciki an cire shi kafin ruwa kamar kullum, ga yadda na yi. Ta ce ta ji, ta gode. Wata daga cikinsu, mai baki, ta ce, "Inji dai inji ne, Hajiya. Mu yanzu ta yaya za mu bambance taki da ta kasuwa?"

Ban kai ga amsa ba sai wata da take yanyanka nama a turmi ta ce, "Wannan kuma zaren mene ne?" Ashe guda ɗaya ta tsere mana da ɗinkinta. Kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan karɓa. Uwargidan malam ta riga ni. Ta ɗaga kazar, ta tsinke zaren da wuƙa, ta buɗe cikin a gaban kowa: wankakke, ba komai. Ta dubi mai bakin nan ta ce, "Kazar da aka ɗinke kafin figa, yaushe aka cire mata ciki?" Mai baki ta ce, "Kafin." Uwargidan ta juyo gare ni ta ce, "Daga yau kada ki ƙara zare mana shi. Ki kawo su da ɗinkinsu, mu za mu tsinke."

Haka nake kai su har yau, da farin zare, soka huɗu. Nakan sayi zaren a Kejetia, ƙulli babba, wata uku yake yi mini.